Haɗa duwatsun ado: Abin da mai koyo zai sani kafin ya zura dutsen farko

Da wuya ƙarshen mako ya wuce a Abuja ba a yi biki ba. In ba ɗaurin auren 'yar darakta ba ne, to sunan jikan babban sakatare ne, ko walimar wanda aka ƙara wa girma. Kowane biki da ankonsa, kowane anko kuma da sarƙa da 'yan kunnen da za su hau da shi. Ma'aikaciyar da albashinta ke shiga sau ɗaya a wata ta san inda wannan lissafi yake ƙarewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Kubwa ko Nyanya ko Lugbe zuwa Sakatariyar Tarayya ya cinye rabon da ake ware wa ado, kuma ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa N70,000 a watan Yulin 2024 bai dawo da shi ba.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa mata ma'aikata, da wasu mazan ma, suke koyon haɗa duwatsun ado da hannunsu: abin wuya, abin hannu, ɗan kunne, jigida da carbi. Sana'a ce da ba ta bukatar shago ko injin, tebur da fitila sun isa. Sai dai sauƙin shigarta shi ne tarkonta. Mai koyo yakan shiga kasuwa ya kwaso duwatsu masu ɗaukar ido, ya haɗa sarƙar farko da zaren da bai dace ba, ta tsinke a tsakiyar taro duwatsu su watse a ƙarƙashin kujeru, daga nan sai a tura ragowar kayan ƙasan gado. Kuɗi sun tafi, sha'awa ta mutu. Ga ma'aikacin gwamnati kuma akwai wata magana ta doka da ya kamata ya sani kafin ya karɓi ko kwabo daga hannun mai saye.

Tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan

Wanda ya ɗauki zare da dutse a yau ya shiga sahun da ya daɗe. A Igbo-Ukwu da ke Jihar Anambra, tonon da masanin kayan tarihi Thurstan Shaw ya fara a 1959 ya fito da duwatsun ado sama da 165,000, na gilashi da na dutse, waɗanda aka danganta da wajejen ƙarni na 9. A Ile-Ife, binciken da aka yi a Igbo Olokun ya nuna cewa mutanen wurin suna narka gilashinsu suna yin duwatsu tsakanin ƙarni na 11 da na 15. A masarautar Benin har gobe jan murjani alamar sarauta ce, kuma a ƙasar Hausa murjani da tsakiya da jigida sun daɗe a cikin kayan amare, Kasuwar Kurmi ta Kano kuwa tana cikin wuraren da aka san ana samun su.

Mafi kusa da Abuja ita ce Bida a Jihar Neja. A unguwar Masaga, magina gilashi na Nupe suna narka fasassun kwalabe a murhun ƙasa, su naɗe narkakken gilashin a jikin sandar ƙarfe, su fitar da duwatsu da awarwaro. Wannan aiki na cikin abubuwan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya Bida a jerin biranen fasahar hannu a 2021. A Ghana ma, mutanen Krobo suna daka gilashi ya zama gari, su zuba a mazubin yumɓu, su soka ɗan karan rogo a tsakiya, wuta ta cinye karan ta bar huda. Sanin wannan yana da amfani a aikace, domin duwatsun Bida da na Krobo suna da nauyi, hudarsu tana da faɗi kuma bakinta yakan yi kaushi, saboda haka siririn zare ba ya daɗewa a cikinsu.

A fara da abu guda

Babban kuskuren farko shi ne sayen kaya kafin a yanke abin da za a yi. Ya fi kyau mai koyo ya zaɓi abu ɗaya, ya sayi abin da wannan abu kaɗai yake bukata, ya maimaita shi sau biyar ko shida har hannu ya faɗa.

Abin hannu na zaren roba shi ne mafi sauƙi, domin ba ya bukatar maɗauri ko filaya, ƙulli ɗaya ne dukan sirrinsa. Carbi mai ƙwaya 33 ma makaranta ce mai kyau: yana koyar da ƙirga, da daidaita girman duwatsu, da barin sarari domin ƙwayoyin su riƙa zamewa a ƙarƙashin yatsa. Bayan waɗannan sai a hau sarƙar wuya mai layi ɗaya da maɗauri, sannan ɗan kunne. Manyan sarƙoƙin amare masu layi biyar ko bakwai, da jakunkunan da ake saƙawa da duwatsu, su jira sai an yi watanni ana aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Sanin duwatsu da lissafinsu

Duwatsun da ke kasuwa sun kasu gida-gida. Akwai na roba, masu araha da rashin nauyi, waɗanda suka dace da gwaji amma launinsu yakan koɗe. Akwai na gilashi, ciki har da masu fuskoki da yawa da ke walƙiya, waɗanda 'yan kasuwa ke kira kiristal. Akwai na dutsen asali, da na katako, da na ƙashi, da lu'ulu'u na gaske da na kwaikwayo. Sai kuma ƙananan nan masu kama da ƙwayar gero, waɗanda ake jigida da saƙa da su.

Manyan duwatsu da milimita ake auna su: 4, 6, 8, 10 zuwa sama. Yawanci a jere ake sayar da su a zare mai tsawon kusan santimita 40. Lissafin ba shi da wuya: a raba tsawon zaren da girman dutsen. Jere ɗaya na milimita 8 zai ba da ƙwaya kusan 50, na milimita 6 kusan 66, na milimita 4 kusan 100. Abin hannu mai santimita 18 yana cin ƙwaya 22 ko 23 na milimita 8, ke nan jere ɗaya zai fitar da guda biyu har a sami ragowa. Amma sarƙar wuya mai santimita 45 tana bukatar ƙwaya 53 ko 54 bayan an cire wurin maɗauri, jere ɗaya ba zai kai ba. Wanda bai yi wannan lissafi a gida ba zai koma kasuwa neman ƙwaya huɗu, ya tarar launin ya ƙare. Haka carbi mai ƙwaya 99 na milimita 6: tsawonsa ya kusa santimita 60, sai da jere biyu.

Ƙananan duwatsu masu kama da gero suna da nasu ƙa'idar, kuma a juye take: gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar dutse. Mai lamba 6/0 ya kai kusan milimita 4, mai 8/0 kusan milimita 3, mai 11/0 kusan milimita 2. Na kamfanonin Miyuki da Toho na Japan, da na Preciosa na Jamhuriyar Cek, sun yi suna wajen daidaiton girma, shi ya sa suka fi tsada. Masu arahar da ake aunawa da cokali ba su daidaita, wani ya fi wani kauri, wani hudarsa a toshe. Ga jigida mai layi ɗaya ba su da laifi, amma a aikin saƙa sukan sa layi ya karkace. Mai koyo ya fara da 6/0 ko 8/0, waɗanda ido ke gani ba tare da wahala ba.

Zare shi ne ran sarƙa

Mai saye dutse yake gani, amma abin da ke riƙe da dutsen shi ke yanke tsawon ran sarƙa. Kowane aiki da zarensa.

Zaren roba mai miƙewa na abin hannu ne da jigida. Mai kaurin milimita 0.5 na ƙananan duwatsu ne marasa nauyi, mai 0.8 ya dace da yawancin duwatsun milimita 6 zuwa 8, mai milimita 1 kuma na masu nauyi ne. Kafin a zura ko ƙwaya ɗaya, a ja zaren da hannu biyu sau uku ko huɗu. In ba a yi haka ba, zai saki a hannun mai shi bayan mako guda, a ga giɓi tsakanin duwatsu.

Zaren kamun kifi shi ne abin da aka fi amfani da shi a nan gida, saboda araha da sauƙin samu. Yana da kyau ga saƙar jaka da furanni, amma yana riƙe lanƙwasa, zafi da daɗewa suna sa shi bushewa, kuma bakin dutsen gilashi mai kaifi yana yanka shi a hankali. Ga sarƙar wuya mai nauyi, abin da ya fi shi ne siririyar wayar ƙarfe mai rufin roba, wadda aka murɗe daga silalla 7 ko 19 ko 49. Mai silalla 49 ta fi laushi da kwanciya a wuya, mai 7 ta fi araha amma in ta lanƙwashe ba ta miƙewa. Ita wannan waya ba a ƙulla ta, da ɗan ƙarfen matsewa ake kulle bakinta.

Murjani da lu'ulu'u na gaske kuwa da zaren siliki ko na nailan ake haɗa su, a yi ƙulli bayan kowace ƙwaya. Hikimar biyu ce: duwatsun ba za su riƙa gogar juna ba, kuma in zaren ya tsinke ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi.

Kayan aiki kaɗan sun isa

Ba a bukatar cika akwati. Filaya uku ne ginshiƙi: mai zagayayyen baki ta naɗa waya, mai shimfiɗaɗɗen baki marar haƙori ta riƙewa da matsewa, da mai yanka waya. Filayar masu gyaran lantarki tana da haƙora, tana barin tabo a jikin ƙarfen ado. Kada kuma a yanka waya da almakashin ɗinki, bakinsa zai mutu a ranar. Sai tef ɗin awo irin na tela, da allurar duwatsu, da gam, da 'yan robobi masu murfi na raba launuka.

Wurin aiki ma yana da ƙa'ida. A shimfiɗa tawul ko wani ƙyalle mai kauri a kan faranti mai baki, domin dutse a kan tebur tsirara gangarawa yake yi. A manna tef ko a sa ɗan maƙalin takarda a ƙarshen zaren kafin a fara zuri, saboda babu takaicin da ya kai a zura ƙwaya 50 su zube ta ɗaya bakin. Hasken rana ya fi kowane haske nuna launi na gaskiya. Wanda sai da dare yake samun lokaci bayan ya taso ofis, ya tanadi fitila mai caji mai farin haske, ya riƙa ɗaga kai yana miƙe baya duk bayan rabin sa'a.

Awo kafin yanka

Abin hannu ana auna shi ne daga wuyan hannun mai shi, a ƙara santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. In duwatsun manya ne a ƙara fiye da haka, domin kaurinsu yana cin sararin ciki. Yawancin hannun manyan mata yana faɗawa tsakanin santimita 17 da 19 bayan ƙarin.

Sarƙar da ke kama wuya takan kai santimita 35 zuwa 40. Wadda ke sauka kan ƙashin wuya, wadda ita ce aka fi sawa, santimita 43 zuwa 48. Mai sauka ƙirji 50 zuwa 60. A nan dole a yi la'akari da irin suturar da ake sawa. Rigar leshi mai aiki a wuya tana haɗiye gajeriyar sarƙa, kuma macen da ke yafa mayafi ko sa hijabi ta fi amfana da doguwar sarƙa ko abin hannu da zobe. Sarƙa mai ƙugiyoyi da kaifin waya a fili kuwa abokiyar gabar mayafi ce, tana jan zarensa.

Duk tsawon da aka auna, a yanke zaren da rarar santimita 10 zuwa 15. Rarar da aka yar ba asara ba ce. Asara ita ce a gama zuri a rasa abin kamawa a ƙulla.

Inda aiki ke tsinkewa

Kusan duk sarƙar da ta watse, daga bakinta ta watse. Saboda haka minti biyar na ƙarshe sun fi sa'a guda ta farko muhimmanci.

A zaren roba, ƙulli na yau da kullum yana zamewa. A haɗa bakin biyu kamar za a yi ƙullin da aka saba, amma a zagaya sau biyu kafin a ja, sannan a ɗora wani ƙullin a kai. A ja shi ta kowane ɓangare har ya ƙanƙance, a ɗiga masa gam kaɗan da bakin tsinke, a bar shi ya kwana, sannan a yanke rarar a ja ƙullin ya ɓuya cikin hudar dutse. Gam mai saurin kamawa da ake kira sufa gulu yana sandarar da roba har ta karye, kuma yana barin farin tabo a jikin gilashi. Gam ɗin da ke bushewa da laushi ya fi.

A wayar ƙarfe, a zura ɗan ƙarfen matsewa, a bi da wayar ta cikin zoben maɗauri, a dawo da ita ta cikin ɗan ƙarfen, a matse da filaya, a tura rarar cikin duwatsu uku ko huɗu na kusa. Kafin a matse baki na biyu, a lanƙwasa sarƙar ta yi da'ira kamar tana wuya. Wanda ya matse ta tana miƙe zai sami sarƙa mai tauri kamar sanda, wadda za ta tsinke da zarar an lanƙwasa ta.

Ƙananan zobban haɗi ba a buɗe su ta hanyar ja gefe da gefe. A riƙe da filaya biyu, a murɗa baki ɗaya gaba ɗaya baya, a rufe ta hanyar da aka buɗe. Zoben da aka wage ba ya komawa daidai, kuma ta wannan 'yar kafa maɗauri ke sulluɓewa. Ɗan kunne kuma, bayan an zura duwatsu a allurar ƙarfe mai kai, a lanƙwasa ragowar ta kwanta, a yanke a bar kusan santimita ɗaya, a naɗe da filaya mai zagayayyen baki. A yi na hagu da na dama a zama ɗaya domin su yi daidai.

Idan an gama, a ja aikin da ɗan ƙarfi, a sa shi a yini da shi a gida. Gara ya tsinke a falo da ya tsinke a wuyan uwar amarya.

Launi da tsari

Mai koyo yakan so ya zuba dukan launukan da ya saya a sarƙa guda. Launi biyu, ko uku in an matsa, sun wadatar: ɗaya ya rinjaya, ɗaya ya raka shi, na ukun ya zama ɗan ƙyalli tsakani. A jera duwatsun a kan tawul yadda za su zauna kafin a zura, a fara daga tsakiya a tafi hagu da dama, a ɗauki hoto da waya a duba. Hoto yana tona rashin daidaiton da ido ya saba da shi ya daina gani.

In don anko ake yi, a tafi kasuwa da ƙyallen atamfar ko leshin a hannu. Launin da ke cikin hoton WhatsApp ba shi ne launin yadi ba. Dabarar da ke aiki ita ce a ɗauki launin da ya fi ƙaranci a jikin atamfar a mai da shi launin sarƙar, sai adon ya fito maimakon ya nutse.

Kama da wane ba ta wane

Ana samun kayan a shagunan kayan ɗinki da na ado a kasuwannin Wuse, Garki da Utako, masu sayen sari kuma sukan nufi Balogun a Legas, ko babbar kasuwar Onitsha, ko Kano. Ko'ina aka je, a buɗe ido. Gilashi da dutsen asali suna da sanyi a tafin hannu da nauyi, kuma suna ƙara in sun haɗu. Roba tana da ɗumi, ba nauyi, sau da yawa ana ganin layin mazubi a jikinta. Lu'ulu'u na gaske yana da ɗan kaushi in an goga shi a haƙori, na kwaikwayo santsi ne da shi, kuma fentinsa yakan ɓare a bakin huda.

Murjani ne aka fi yin zamba da shi. Da yawan abin da ake kira murjani gilashi ne, ko roba, ko wani farin murjani mai araha da aka rina ja. A jiƙa auduga da ruwan goge jan farce a shafa a gefen ƙwaya ɗaya, in audugar ta yi ja to rini ne. Rinannen dutse ba laifi ba ne in an saye shi a farashinsa, an kuma faɗa wa mai saye gaskiya. Amma yakan zuba a farar riga in an yi gumi, don haka a gwada shi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle tun a gida. A kuma sayi duk abin da aiki ɗaya ke bukata a lokaci guda da 'yar rara, domin launin da ya zo a kaya na gaba ba lallai ya yi daidai da na farko ba.

Wurin da bai kamata a yi tsumulmula ba shi ne maɗauri da ƙugiyar ɗan kunne. Masu ruwan gwal na araha sukan yi baƙi cikin makonni, musamman da damina. Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado.

Fata da lafiyar yara

Ƙarfen nikel da ake gaurayawa a kayan ado masu araha yana cikin manyan abubuwan da ke haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne da wuya, har Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan da aka yarda ya fita daga duk abin da ke taɓa fata. Ga ɗan kunne, ƙarfen da ba ya tsatsa ko azurfa ta gaske sun fi aminci ga yawancin mutane. An kuma sha samun dalma a wasu ƙarafan ado masu araha, wadda guba ce ga yaro in yana tsotsa.

Gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara uku sai an yi hattara ƙwarai. Dutse ɗaya ya isa ya shaƙe shi, ko ya tura shi a hanci ko kunne. A rufe robobi, a ɗora su a sama, a share wurin aiki bayan an tashi. Kada a rataya wa jariri sarƙar duwatsu a wuya, balle a bar shi ya yi barci da ita.

Abin da doka ta ce wa ma'aikaci

Da zarar hannu ya faɗa, abokan aiki za su fara tambayar farashi. A nan ne ya kamata a tsaya. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Biyar, Kashi na Ɗaya, sakin layi na 2(b), ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta. Noma kaɗai aka togace. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce ke karɓar ƙorafi a kan saɓa wannan, Kotun Ɗa'ar Ma'aikata kuma ta yi shari'a. Cewa ana ganin masu sayar da turare da atamfa a ofisoshi bai sauya abin da ke rubuce ba, kuma ranar da aka sami saɓani da wani, takardar ƙorafi ɗaya ta isa ta jawo tuhuma.

Akwai kuma sakin layi na 6 na wannan jadawali, wanda ya hana ma'aikaci karɓar wata fa'ida saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Ɗan kwangilar da fayil ɗinsa ke kan teburin mutum, in ya biya ninki uku na kuɗin sarƙa, ba sarƙa ya saya ba. Hadiman masu riƙe da muƙamai su ma su duba takardar naɗinsu, su nemi bayani daga sashen shari'a na ma'aikatarsu kafin su buɗe shafin talla a Instagram.

Dokar ba ta hana mutum ya yi wa kansa da iyalinsa ado ba, ba ta hana kyauta ga 'yan uwa ba, ba ta kuma hana koyo ba. Ma'aikacin da ke tunkarar shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki yana da kyakkyawan dalilin koyon sana'ar tun yanzu, domin ranar ritaya ta same shi da hannu a faɗe. Mata ko miji ko 'ya'yan da ba ma'aikatan gwamnati ba kuwa suna da damar yin kasuwancin da kansu, su yi rajistar sunansa a hukumar CAC, matuƙar su ne ke gudanar da shi da gaske.

Farashi da ajiya

Ga wanda doka ta ba damar sayarwa, abin da ke karya sababbin shiga shi ne mantawa da ƙananan kuɗaɗe. A ƙaddara, don misali kawai, an sayi jere ɗaya N3,000 ya fitar da abin hannu biyu, kowanne ya ci N1,500. Zare da gam N200, leda da kwali N300, rabonsa na kuɗin motar kasuwa N500, ladan rabin sa'a na aiki N1,000. Jimla N3,500 ke nan kafin riba. In an ɗora kashi 30 cikin 100, farashin ya zama N4,550. Wadda ta dubi kuɗin dutse kaɗai ta sayar N2,500 tana murnar ribar N1,000, a haƙiƙa aikin banza ta yi. Tunda yawancin kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, don haka a riƙa sabunta lissafi duk lokacin da aka koma kasuwa. Aikin oda, musamman na anko mai yawa, a karɓi kafin alƙalamin da zai sayi kayan. A tanadi littafi kuma a rubuta girman dutse, yawansa, irin zare da awon kowane mai saye, domin ranar da aka ce a sake yin irinsa.

Sarƙar da aka gama tana son kulawa. Turare da man shafawa suna dusashe lu'ulu'u da ruwan gwal, don haka a gama shafa da fesa kafin a sa ado, a kuma cire shi kafin wanka da wanke-wanke. A goge gumi da busasshen ƙyalle mai laushi, a ajiye kowace a ledarta, a jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada a bar abin hannu na roba a cikin mota a zafin watan Maris. Zaren roba yana tsufa ko da ba a sa shi ba, saboda haka duk wanda aka ga ya fara saki ko ya canza launi, a warware a sake zura shi a sabon zare tun kafin biki na gaba.